Kwafi biyu a kan faifai ɗaya: abin da ya sami sabar wani ofishin kago a Jidda

Ofishin da abin da yake ajiyewa

Ofishin kago ne a kudancin Jidda, na wani Alhaji ɗan asalin Kano da ya daɗe a Saudiyya. Kayan alhazai da masu Umara suke karɓa: dabino, darduma, jallabiya, turare, barguna, filas na shayi, wani lokaci har keken ɗinki. A auna, a ɗaure, a liƙa lamba, a tura Kano ko Kaduna ko Yamai. Suna da ɗan reshe a Makka, wajen Misfala, inda ake tara kayan yini a kawo mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya, ta Jidda da daddare. Ma'aikata 11 ne gaba ɗaya, kusan duk Hausawa.

Abu biyu ne ran ofishin. Na farko hotuna. Kowane kwali ana ɗaukarsa a buɗe, sannan a rufe a kan sikeli da lambarsa, don ranar da wani zai tsaya a Kano ya ce kayansa ba su cika ba. Na biyu fatura, wato takardar lissafin kuɗi da ake ba abokin ciniki. Tun ranar 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan ta ƙasar, ZATCA, ta wajabta wa masu rajistar haraji fitar da fatura ta na'ura, ga harajin sayayya na kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, doka kuma ta ce a riƙe takardun aƙalla shekara 6. Wannan ne ya sa Alhaji ya yarda a bar littattafan rasit a koma kwamfuta.

Farkon 2022: yadda aka kafa sabar

Ɗan ƙanwar Alhaji ne ya yi aikin, matashi haifaffen Jidda da ya karanta kwamfuta. Aka sayi saba ɗaya, wato kwamfutar da ke riƙe wa sauran bayanan ofis, mai ram (ma'adanar aiki ta wucin gadi) gigabait 16, da ƙaramin faifan SSD na tsarin aiki, da manyan faifai biyu masu juyawa, kowanne terabait 4, a shago ɗaya rana ɗaya. Ya ɗora mata Proxmox 7, manhajar da ke raba kwamfutar ƙarfe ɗaya ta zama kwamfutocin manhaja da yawa, kowacce tana ganin kanta cikakkiya da faifanta da ram ɗinta.

Manyan faifan nan biyu ya haɗe su da LVM, manhajar haɗa faifai da rarraba filinsu, suka zama rumbu ɗaya na terabait 8. A irin wannan haɗi jera su kawai ake yi, na biyu a bayan na farko, ba a kwafar komai. A kan rumbun ya kafa siririn rabo, tsarin da ba ya ba faifan manhaja fili sai an zo rubutu. A takarda faifai ne na terabait ɗaya da rabi, amma gutsure-gutsure ake yanko masa daga rumbu duk sanda ya buƙata, kuma shi bai san daga wane ƙarfe aka yanko ba.

Sai ya ƙirƙiri kwamfutar manhaja mai Debian 11, wani nau'in tsarin aiki na Linux, da za ta riƙe faturoci da hotuna, ya ba ta faifan manhaja biyu na terabait ɗaya da rabi-rabi, ya haɗa su madubi da manhajar mdadm, wato RAID 1: abin da aka rubuta wa ɗaya a rubuta wa ɗan'uwansa. Lissafinsa a fili yake. Faifan ƙarfe biyu a ƙasa, na manhaja biyu a sama, madubi a tsakani. Ya nuna wa kawunsa allon da ke nuna haruffa biyu, UU, kowace U alamar faifai ɗaya yana aiki a madubin, ya ce masa: "Kawu, muddin waɗannan suna nan, ko faifai ɗaya ya mutu ba abin da zai salwanta."

Wasu ƙananan abubuwa na wannan lokacin sun shafi abin da ya biyo baya. An ajiye sabar a ɗan sito da ke ƙarƙashin matattakala, sanyin da take samu na mukayyif ɗin babban ɗaki ne, wato na'urar sanyaya iska, shi kuma ana kashe shi idan an tashi daga aiki. Kwafin faturoci da ake fitarwa kowane dare yana sauka ne a wata jaka a cikin ita kwamfutar manhajar. Sannan Debian na da al'adar duba madubi gaba ɗaya ranar Lahadin farko ta kowane wata, da tsakar dare. A Turai Lahadi ranar hutu ce. A Saudiyya kuwa tun 2013 ita ce ranar farko ta aiki, binciken kuma yana kaiwa har hantsi yana nauyaya komai. Bayan wata uku ana ƙorafi, matashin ya kashe shi.

Shekara uku kusan cur ba a ji ɗuriyar wata matsala ba.

Janairu da Fabrairun 2025: daskarewa

Ma'aikatan da ke zama a kantar karɓar kaya ne suka fara magana. Ka danna ajiye fatura, allo ya tsaya cik, ya yi kamar rabin minti, sannan ya saki kamar ba a yi komai ba. Da farko sau ɗaya ko biyu a yini. Kafin tsakiyar Fabrairu ya wuce sau goma.

Intanet aka fara zargi, aka canza rauta, alhali manhajar faturar a cikin gida take, ko an yanke intanet tana buɗewa. Ba canji. Aka ƙara ram ya koma gigabait 32. Ba canji. Aka goge kwamfutocin kanta biyu aka sake ɗora musu tsarin aiki, kan zargin ƙwayar cuta. Nan ma shiru.

Matashin ya duba faifai, amma daga cikin kwamfutar manhaja ya duba. Ya kira smartctl, manhajar da ke tambayar faifai lafiyarsa, ta ce wannan faifan ba ya ba da irin wannan rahoto. Gaskiya ta faɗa, faifan manhaja ba shi da zafi ko awannin aiki da zai lissafa. Ya duba madubi, UU. Ya cire faifai daga jerin abin zargi.

Maris 2025, cikin azumi

An ɗauki azumi a Saudiyya ranar 1 ga Maris. Aikin ofis ya koma dare, daga bayan tarawihi zuwa kusan sahur, masu Umara na ta kawo kaya. Mukayyif ya koma aikin dare shi ma, sabar ta riƙa wuni a rufaffen sito.

Ranar Laraba 12 ga wata, matashin ya leƙa ya ga U ɗaya da layin ƙasa a gurbin ɗayan. Madubin ya kori faifan manhaja guda. Yaushe ya kore shi, ba wanda ya sani a lokacin, domin ba a taɓa saka adireshin da mdadm zai aika wa gargaɗi ba.

Ya bi abin da littafi ya ce: cire wanda ya faɗi, sa sabo, bar madubi ya sake cika kansa. Da faifan ƙarfe ne sai an je kasuwa. Na manhaja kuwa danna biyu ne. Ya goge tsohon don ya sami fili, ya ƙirƙiri sabo daidai girmansa, ya haɗa.

A lissafi, terabait ɗaya da rabi a gudun megabait 150 cikin daƙiƙa bai kai awa uku ba. Kwana huɗu aka yi. mdadm ba ya bambanta wurin da ke da bayani da wurin da babu komai, duk faɗin faifan yake kwafewa, kuma idan ana aiki a kan na'urar yana rage gudu don ya ba mutane hanya, har ya iya sauka zuwa megabait ɗaya a daƙiƙa. Daren farko layin masu kaya ya fita har bakin titi. Da aka kammala, UU ta dawo, matashin ya yi hamdala ya kwanta.

A goman ƙarshe aka fara cin karo da hotunan da ba sa buɗewa. Sunan hoton yana nan, girmansa yana nan, ka danna sai saƙon kuskuren karatu. Ɗaya daga ciki na kwalin wata Hajiya ne da aka tura Kano tun Sha'aban. Ɗanta ya kira ya ce injin markaɗe biyu aka sa, ɗaya ya iso. Mai kanta ya tuna kwalin, ya rantse ɗaya ne, amma hoton da aka ɗauka a buɗe ya ƙi fitowa. Alhaji ya biya kuɗin inji, ya kuma ce bayan Sallah a nemo wanda ya fi su sani.

7 ga Afrilu: an sauka ƙasa

Wanda aka samo wani injiniya ne Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, da ke aiki da wani kamfani a Jidda. Muhandis kowa ke ce masa. Ya zo bayan Isha. Bai shiga kwamfutar manhajar ba ko kaɗan. Kai tsaye ya shiga ita sabar ƙarfen.

Ya tambayi faifai biyun lafiyarsu da smartctl. Na biyu garau. Na farko ya nuna gurabe 1,416 da suka lalace ya musanya su da na ajiya, da wasu 208 da ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu. Zafi mafi yawa da ya taɓa kaiwa digiri 58, galibin irin waɗannan faifai kuma iyakarsu a takardar masana'anta 60 ne. Awannin aiki sun haura 27,000 a kowannensu, lambobin jikinsu kuma a jere suke, alamar tare aka ƙera su. Littafin tarihin tsarin cike yake da layuka iri ɗaya: an aika wa faifai umarni, bai amsa ba, an sake saita hanyarsa. Linux na jiran faifai daƙiƙa 30 kafin ya ɗauki wannan mataki. Ga rabin mintin masu kanta.

Sai ya kira iostat, manhajar da ke nuna yawan aikin da kowane faifai ke yi, ya sa mai kanta ya ajiye hoton gwaji, ya ce wa matashin ya zuba ido a kan layuka biyu. Layin faifan farko ya haura zuwa kashi ɗari na aiki. Layin na biyu bai motsa daga sifili ba. Aka sake, haka. Aka kwafi jaka guda mai nauyi, haka.

Ya buɗe lvs, umarnin da ke nuna yadda LVM ya raba fili, ya nuna masa dalili. Rumbun terabait 8 an ci kashi 40 cikin ɗari nasa, siririn rabo kuma daga farkon rumbu yake fara yanka. Farkon rumbu shi ne faifan farko. Faifan manhaja biyun, a haɗe, terabait 3 ne, ba su ma cika faifan ƙarfe guda ba. Ashe tun 2022 kwafi biyun a kan ƙarfe ɗaya suke zaune, tare da taswirar da ke faɗin wane gutsure na wane ne. Faifan na biyu shekara uku yana juyawa yana shan wuta, kusan ba abin da aka taɓa rubuta masa.

Alhaji ya ce a yi masa bayani da Hausa. Muhandis ya ce: "Alhaji, kuɗinka aka raba gida biyu don tsoron ɓarawo, aka sa rabi a aljihun dama, rabi a na hagu. Rigar ɗaya ce."

Daga nan hotunan da suka ɓace suka sami bayani. Faifan ƙarfen yana ruɓewa wuri-wuri. Idan wurin da ya ruɓe ya faɗa a kwafin farko, yawanci na biyu yana da lafiya a wani gefen, madubin ya karanto daga can ya gyara shiru ba wanda ya sani. Ranar da wani rubutu ya ƙi shiga, ya kori faifan manhaja guda. Wanda ya rage ma yana da nasa ramukan, kuma lafiyayyen kwafin waɗannan ramuka yana cikin wanda aka kora. Shi aka goge ranar 12 ga Maris. Da madubin ya zo cika sabon faifai, duk inda ya kasa karantawa sai ya rubuta wurin a jerin gurɓatattun gurabe ya wuce, ya gama ya nuna UU.

10 zuwa 12 ga Afrilu: kwashe abin da ya rage

Tun daren 7 ga Afrilu Muhandis bai bar ofis ba sai da aka kwafi faturoci da bayanan abokan ciniki zuwa faifan aljihu. Ba su kai gigabait 20 ba. Hotuna su ne masu nauyi, su aka bar wa ƙarshen mako.

Matashin ya kawo shawarar pvmove, umarnin LVM da ke kwashe bayani daga wani faifai zuwa wani ana cikin aiki. Ga faifai na biyu nan a banza, me zai hana? Muhandis ya ƙi. pvmove na lafiyayyen faifai ne da ake son sallama. Ba a gina shi don ya lallaɓa majinyaci ba, idan ya ci karo da wurin da ba ya karantuwa tsayawa yake yi, a bar ka rabi nan rabi can.

Da ma matashin ya riga ya sayo sabon faifai na terabait 4 mai araha. Da aka duba lambar samfurinsa a takardar masana'anta, sai ga shi SMR ne, irin wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna don a cusa bayani da yawa. Irinsu suna jan ƙafa sosai idan rubutu ya yawaita a warwatse, shi ya sa aka yi ta cece-kuce a 2020 da aka gano ana sayar da su a matsayin faifan saba ba tare da an faɗa ba. Bai dace da madubi ba. Amma rubutun da ke tafiya a jere daga farko zuwa ƙarshe bai fi ƙarfinsa ba, aikin da ake buƙata a wannan makon ke nan.

Daren Alhamis aka kashe komai, aka tada sabar da ɗan faifan ceto, aka sa ddrescue ya kwafe faifan farko sukutum zuwa sabon. Hikimar ddrescue ita ce ba ya tsayawa gardama da wuri mai wuya. Ya fara kwashe duk mai sauƙi, yana rubuta inda ya tsallake a taswira, sai daga baya ya dawo yana gwada su ɗaya-ɗaya. Zagayen farko ya ci awa 11. An fito da sabar tsakar ɗaki, murfi a buɗe, fanka a kanta. Zuwa yammacin Asabar abin da ya ƙi karantuwa bai kai megabait 3 ba, aka haƙura da shi.

Tsohon faifan aka cire, aka liƙa masa takarda "kada a taɓa", aka kulle a durowar Alhaji. Dole ma a cire shi, domin kwafin ya ɗauko har lambar shaidar da LVM ke gane faifai da ita, biyu masu lamba ɗaya ba sa zama a saba guda. Muhandis ya bi taswirar ddrescue ya gano a wane faifan manhaja kowane rami ya faɗa. Yawancinsu a fili mara komai ne ko a kwafi ɗaya kawai, aka cike daga ɗayan.

Tsakiya zuwa ƙarshen Afrilu: sabon rumbu, da kalma ɗaya da aka musanya

Shawarar da aka tsayar ita ce madubi ya sauko ƙasa, inda ƙarfe yake. Aka ɗora Proxmox 8 sabo, tunda na 7 an daina yi masa gyara tun Yulin 2024. Aka zaɓi ZFS, wanda ke riƙe faifan ƙarfe da hannunsa, yana kuma ajiye lambar tantancewa ga kowane gutsure, ta yadda idan kwafi biyu suka saɓa ya san wanne ne mai gaskiya. Ita kwamfutar manhaja faifai ɗaya tak aka ba ta, ba madubi a cikinta. Ram ɗin da aka ƙara a Fabrairu a nan ya yi rana, don ZFS na son wurin ajiye abin da ake yawan karantawa.

An nemi faifai biyu na terabait 8, masu rubutu na gargajiya, daga masana'antu daban-daban. Ɗaya aka samu a Jidda, ɗayan sai an kawo daga Riyad. Ba a jira ba. Aka kafa rumbun da guda ɗaya, da cikakken sunansa mai ɗauke da lambar jikinsa, saboda gajerun sunaye irin sdb da sdc suna iya musanya wuri idan an sake kunna na'ura. Aka kwashe fayiloli da rsync, manhajar kwafe fayiloli, shi kuma ya jero duk wanda ya kasa karantawa: hotuna 63, duk na tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Faturoci aka tara jimillarsu aka gwada da abin da aka kai wa hukumar haraji a zangon da ya wuce, suka yi daidai.

Faifai na biyu ya iso ranar Alhamis 24 ga wata, Muhandis yana Madina. Ya faɗa wa matashin ta waya ya haɗa shi. Matashin ya rubuta zpool add. Umarnin ya wuce ba gargaɗi. Rumbu ya tashi daga terabait 7.27 zuwa 14.5 a ƙidayar ZFS, ya je ya yi wa kawunsa albishir fili ya ninka.

Ranar Litinin ya tura hoton allon zpool status ta WhatsApp. Amsar ta zo nan take: "Ƙanena, ina layin mirror-0?" Babu shi, shi ne kuwa layin da ke nuna faifan sun zama madubi. Faifai biyun a jere suke, kowanne da kansa. A ZFS, attach ne ke manna sabon faifai a jikin wanda yake nan su zama madubi. Shi add ƙarin fili yake yi, a riƙa raba rubutu tsakaninsu, wanda duk ya mutu a cikinsu rumbun gaba ɗaya ya tafi. ZFS kan yi gargaɗi idan za ka ƙara faifai tilo a rumbu mai madubi, amma tilo a kan tilo bai ga abin magana ba. Kwana huɗu ofishin ya yi a haka.

Da a shekarun baya ne sai an rushe rumbun an sake. Tun fitowar ZFS 0.8 na Linux a 2019 ana iya janye irin wannan faifai da zpool remove, muddin babu raidz, wani salon haɗa faifai na ZFS, a rumbun. Abin da ya sauka a kansa kaɗan ne, cikin mintoci ya koma wa na farko. Sai aka yi attach. Terabait 1.3 ya kwafu a ƙasa da awa uku, don ZFS wurin da ke da bayani kawai yake bi. Daga ranar aka sa doka: duk umarnin add sai an fara gudanar da shi da alamar -n, wadda ke nuna yadda rumbu zai kasance ba tare da an taɓa komai ba.

9 ga Mayu: gwajin zare waya

Ranar Juma'a bayan La'asar, Alhaji na zaune, aka kashe sabar aka zare wayar faifai ɗaya aka kunna. Komai ya tashi. Mai kanta ya fitar da faturar gwaji, ya buɗe hotuna. Rumbun ya nuna yana tafiya da ƙafa ɗaya.

Saƙon gargaɗi ne bai zo ba. Aka jira minti goma, shiru. Sabar ta rubuta wasiƙar, amma ba a nuna mata ta inda za ta fita ba. Aka gyara, aka maimaita, wayoyi uku suka yi ƙara: ta matashin, ta Muhandis, ta Alhaji. Aka mayar da faifan, ya cike ɗan abin da ya wuce shi cikin daƙiƙoƙi, aka zare ɗayan aka sake gwadawa. A jikin kowane faifai aka liƙa lambobi huɗu na ƙarshen lambarsa, a inda ido zai gani da an buɗe murfi, don ranar da za a canza ɗaya kada a zare mai lafiyar.

Binciken wata-wata na ZFS, wanda shi ma a Lahadi ta biyu yake zuwa, aka mayar da shi daren Juma'a. Aka saita ɗaukar hoton rumbu, wato adana yadda bayanai suke a wannan lokaci don a iya komawa kansu, kowace awa, a riƙe na kwana biyu, da na kullum a riƙe na wata guda. Aka kai wata tsohuwar kwamfuta reshen Makka da lafiyayyen faifan nan na terabait 4 da ya yi shekara uku ba aiki, kowane dare ana tura mata abin da ya canza da umarnin zfs send. Sabar kuma ta bar ƙarƙashin matattakala ta koma ofishin Alhaji na ciki. Zafin faifai ya tsaya tsakanin digiri 38 da 41.

Yuni da Yuli: aikin Hajji

An yi tsayuwar Arfa ranar 5 ga Yuni. Daga tsakiyar wata kayan alhazai suka taso, aka yi makonni ana kwana a mustauda. Daskarewa ba ta dawo ba. Binciken Yuni da na Yuli ba su sami kuskure ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ya faru. Wani sabon ma'aikaci, garin share hotunan da suka fito biyu-biyu, ya goge jakar kwana uku ta kayan jirgin Kaduna. Madubin ya goge ta a faifai biyun lokaci guda, aikinsa ke nan. Daga hoton rumbu na awar da ta gabata aka dawo da ita kafin a idar da sallar Magariba.

Abin da ya jawo, da abin da ya yi aiki

Lalacewar faifai bayan awa 27,000 a sito mai zafi ba abin mamaki ba ne, don irin ranar aka yi madubi tun farko. Inda aka kafa madubin ne ya cuce su. mdadm na cikin kwamfutar manhaja ya yi duk abin da aka sa shi, UU ɗin da yake nunawa kuma gaskiya ce gwargwadon abin da yake gani. Faifai biyu aka ba shi, ba shi da hanyar sanin ƙarfe ɗaya ne a ƙarƙashinsu. Amfanin tsarin ajiya na manhaja shi ne ya ɓoye wa na sama inda bayani yake zaune, don a iya faɗaɗawa da matsarwa ba tare da an tashe shi ba. Madubi kuwa ba shi da wata daraja sai an san inda kowane kwafi yake. Wanda ya nace sai ya yi madubi a sama, to sai ya ɗaure kowane faifan manhaja a kan nasa ƙarfen daban, ya kuma tabbatar da idonsa.

A ganina ba a yi wa tsohon madubin adalci ba idan aka ce bai tsinana komai ba. Shi ya riƙa cike ramuka watanni, shi ya sa asarar ta tsaya a hotuna 63. Amma wannan taimakon ne ya rufe ciwon, ga shi an kashe binciken wata-wata, ba a saita gargaɗi ba, an kuma tambayi lafiyar faifai a hawan da ba a iya amsawa. Har ninka rubutu a kan ƙarfe ɗaya ya ƙara wa faifan wahala, allurarsa na kai-komo tsakanin kwafi biyu a kowane ajiye.

Asarar kanta a rana ɗaya aka yi ta, 12 ga Maris, kuma goge faifan da aka kora ne ya jawo ta. Da an bar shi a gefe har a san dalilin korar, da yawancin hotunan nan suna nan. Sauƙin faifan manhaja ne ya sa hannu ya yi saurin gogewa. Na ƙarfe da an cire shi durowa za a jefa shi.

Abin da ya yi aiki bai fi tsohon tsari tsada sosai ba. An fara da ƙaramin abu mafi muhimmanci, an kwafe majinyacin kafin a taɓa tsarinsa, an sauko da madubi inda ake ganin lambar faifai da zafinsa. Gwajin 9 ga Mayu ya fi kowane mataki amfani a wurina, domin shi ya tona cewa gargaɗi ba ya fita, kuma da ba a kama kuskuren add ta hoton allo ba, shi zai kama shi. Matashin ne har yanzu ke kula da sabar, shi ya rubuta takardar matakan canza faifai da ke manne a cikin murfinta.

Akwai abin da ba a gama ba. Faifan SSD na tsarin aiki har yanzu guda ɗaya ne, idan ya mutu bayanai suna nan amma ofis zai tsaya na wasu awanni kafin a sake ɗora Proxmox. Kwafin Makka sau ɗaya aka gwada dawo da shi, a Mayu, fayiloli kaɗan kawai. Muhandis ya nemi a yi cikakken gwaji a kuma sayi SSD na biyu kafin azumi mai zuwa. Alhaji ya amince da gwajin, kuɗin SSD ya ce a tuna masa idan lissafin Hajji ya kammala.